Tarihin Ƙarfin Injin Akori-kura a Amurka: Daga Doki 20 Zuwa Doki 500

Gabatarwa

A shekarar 1925 kamfanin Ford na Amurka ya fitar da ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda Hausawa suka laƙaba wa suna akori-kura. Injinta yana da ƙarfin doki 20, kuɗinta dala 281, manoman wancan zamani kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. A shekarar 2023 kamfanin nan dai ya fitar da akori-kura mai injin dizal na ƙarfin doki 500, watau ninki 25 na injin farko. Tsakanin motocin nan biyu ba a cika shekara 100 ba, kuma a cikin wannan lokaci buhun hatsi bai ƙara nauyi ba, haka nan buhun siminti.

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda aka yi wannan doguwar tafiya. Tarihi ya nuna cewa abin da mutane ke sa rai daga injin akori-kura ba nauyin kaya kaɗai ke yanke shi ba. Irin hanyar da ake bi, da farashin mai, da dokar gwamnati, da yadda ake awon ƙarfin, da gasar talla tsakanin kamfanoni, kowanne ya sa hannu. Sanin wannan yana da amfani ga ɗalibi, ya fi ma amfani ga ma'aikacin gwamnati wanda wata rana za a ɗora wa alhakin zaɓen motocin da za a saya da kuɗin jama'a.

Ma'auni Biyu

Da ma'auni biyu ake auna injin mota, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Na farko shi ne ƙarfin murɗa, watau ƙarfin da injin ke juya sandar karanshaf da shi. Misalinsa shi ne bakanike da sufana: in tsawon sufanar ƙafa ɗaya ne, ya danna ƙarshenta da nauyin laba 50, to ya sa wa noti ƙarfin murɗa na laba-ƙafa 50. In ya ƙara mata bututu tsawonta ya zama ƙafa biyu, ƙarfin murɗar ya zama 100, alhali shi bai ƙara ƙoƙari ba. A Amurka da laba-ƙafa ake lissafi, a yawancin sauran ƙasashe kuwa da Niyutan-mita. Laba-ƙafa ɗaya ta yi kusan Niyutan-mita 1.36.

Na biyu shi ne ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da injin zai yi cikin ƙayyadadden lokaci. Asalinsa daga James Watt ne, mutumin Sikotland mai ƙera injin tururi. A farkon shekarun 1780 Watt yana neman hanyar da zai bayyana wa masu ma'adinai da masu niƙa dawaki nawa injinsa zai maye musu, sai ya ƙiyasta cewa doki ɗaya yana iya ɗaga laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Ya kamata a lura da cewa tun ranar haihuwarsa wannan ma'auni na ɗan kasuwa ne mai neman sayar da hajarsa.

Dangantakar ma'aunan biyu ta lissafi ce. In aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin injin a minti ɗaya, aka raba da 5,252, abin da ya fito shi ne ƙarfin doki. Muhimmin bambancinsu kuwa shi ne giya tana ninka ƙarfin murɗa, amma ba ta ƙara ƙarfin doki ko kaɗan. Alal misali, injin mai laba-ƙafa 200, in giya ta ɗaya ta ninka shi sau 4, giyar gatarin baya ta sake ninkawa sau 4, abin da zai isa ga tayoyi ya zama 3,200, sai dai tayoyin za su juya sau ɗaya ne kurum a duk juyi 16 na injin. Ƙaramin injin ma yana iya jan babban kaya, muddin mai shi ya haƙura da sauri.

Wani lissafi zai ƙara fito da wannan fili. A ɗauka mota da kayanta sun kai laba 11,000, watau kimanin tan 5, tana hawan tudu mai tashin ƙafa 6 cikin kowace ƙafa 100. In tana gudun kilomita 90 a awa, tana ɗaga wannan nauyi kimanin ƙafa 300 kowane minti, wanda ke bukatar doki 100, ban da abin da iska da tayoyi za su ci. In direba ya rage gudu zuwa kilomita 45, doki 50 ya isa. Ashe ke nan yawancin abin da ƙarin dawaki ke sayo wa mutum shi ne sauri.

Zamanin Gona

Motar kaya ta farko da Ford ya yi da yawa ita ce Model TT ta 1917, mai ɗaukar tan ɗaya. Injinta shi ne dai na motar shiga Model T, mai silinda huɗu da doki 20 da ƙarfin murɗa na laba-ƙafa 83. Abin da aka sauya shi ne giyar gatarin baya: ta motar shiga tana ninkawa kusan sau uku da rabi, ta motar kaya kuwa kusan sau bakwai. Da wannan dabara ta ɗauki tan guda, amma gudunta bai wuce na mai keke mai hanzari sosai ba. Babu wanda ya ga aibin haka, domin da keken doki ake gwada ta, hanyoyin karkara kuma na turɓaya ne da taɓo.

Gasa ta soma ne sa'ad da Chevrolet ya fito da injin mai silinda shida a 1929, mai doki 46. Ford ya mai da martani a 1932 da injin mai silinda takwas, wanda ake kira V8, mai doki 65. Duk da haka hawan bai yi sauri ba. Sa'ad da Ford ya soma jerin motocinsa masu lakabin F a 1948, ƙaramar cikinsu tana zuwa da injin mai doki 95 ko mai doki 100. Akori-kurar wancan lokaci kayan aiki ce kamar garma: kujera ɗaya doguwa, babu na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba a zuwa biki da ita sai dole.

Manyan Hanyoyi da Arahar Fetur

A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan hanyoyi masu haɗa jihohin Amurka. Wannan ya sauya abin da ake bukata daga injin, domin motar da a da take tafiya daga gona zuwa tashar jirgin ƙasa, yanzu an sa ta cikin jerin motoci masu gudun kilomita 100 a awa. Bugu da ƙari, ma'aikatan birni suka sami wadata, suka soma sayen kwale-kwale da ɗakin kwana mai taya domin yawon hutu, suna jan su da akori-kura. Fetur kuwa araha yake kamar banza. Chevrolet ya sa V8 cikin motocin kayansa a 1955, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 injuna masu lita 5 da lita 6 sun zama ruwan dare.

Dokar kwastan ma ta taimaka. Faransa da Jamus ta Yamma sun ɗora haraji a kan naman kajin Amurka, sai Shugaba Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya na waje, wanda ya soma aiki a 1964. Har yanzu harajin kaji ake ce masa. Ya kare kamfanonin gida daga gasar ƙananan motoci masu ƙananan injuna, ya bar su suna gasa da junansu a kan girma.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

Shekarun 1970 suka zo da abubuwa uku da suka karya lambobin nan. Na farko shi ne sauyin awo. Kafin 1972 kamfanoni suna gwada injin ne a kan benci, an cire masa fanka da janareto da matatar iska da salansa. Daga 1972 aka koma gwada shi da duk kayan da zai ɗauka cikin mota. Injin Cadillac mai lita 8.2 na 1971, alal misali, doki 365 ne a tsohon awo, 235 a sabo, alhali ko noti ɗaya ba a kwance ba. Masu saye da yawa suka ɗauka an rage musu ƙarfi, bayan kuwa gaskiya ce aka soma faɗa musu.

Na biyu shi ne dokar tsabtace iska ta 1970, wadda ta tilasta rage dafin hayaƙi, aka rage matsin silinda, aka soma sa matatar hayaƙi a 1975. Na uku shi ne takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka sa a watan Oktoba na 1973, wanda ya ɗaga gangar ɗanyen mai daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A 1975 majalisar Amurka ta kafa dokar ƙayyade yawan man da motoci za su sha, sa'an nan juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashi.

A nan ne aka ga yadda doka ke haifar da abin da ba shi aka nufa ba. Dokar hayaƙi ta sassauta wa motocin da nauyinsu da lodi ya haura laba 6,000. Sai Ford ya fitar da F-150 a 1975, mai nauyi sama da iyakar da kaɗan, domin ta tsallake matatar hayaƙi. Daga 1977 motocin F suka zama akori-kurar da aka fi saye a Amurka. Dokar da aka yi don rage hayaƙi ta tura kasuwa wajen mota mafi nauyi, mota mai nauyi kuwa babban injin take nema.

Duk da haka, injin da mutane da yawa suka fi yabo a wancan zamani ba mai yawan dawaki ba ne. Shi ne injin Ford mai silinda shida da lita 4.9, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1965 har 1996. A ƙarshen shekarun 1970 ƙarfinsa wajen doki 120 ne, amma yana ba da ƙarfin murɗarsa tun injin bai yi kuka ba, ga shi kuma da jure wahala. Manoma da magina ba su nemi fiye da haka ba.

Dizal da Gasar Ƙarfin Murɗa

Tsadar fetur ta sa aka waiwayi dizal. Injin dizal yana matse iska kusan ninki biyu na injin fetur, bugunsa ya fi ƙarfi, amma ba ya juyi da sauri. Tun da a juyi 5,252 ne kurum lambobin biyu suke daidaita, injin dizal na akori-kura kuwa ba ya kaiwa can, lambar ƙarfin murɗarsa kullum ta fi ta dawakinsa girma. Masu talla ba su yi jinkirin gane wace lamba ta fi kyau a allo ba.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. A 1978 General Motors ya sa injin dizal na Oldsmobile mai lita 5.7 da doki 120 cikin motocinsa, har da akori-kura. An gina shi ne bisa fasalin injin fetur, ba a sa masa abin raba ruwa da mai ba, ya yi ta ƙona gasket, har aka daina shi a 1985, bayan ya ɓata wa dizal suna a idon Amurkawa.

Abin da ya gyara sunan ya zo a 1989, sa'ad da Dodge ya ɗauki injin Cummins mai silinda shida da lita 5.9, wanda asali don tarakta da injunan gini aka yi shi, ya sa cikin akori-kurarsa Ram. Yana da turbo, watau na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Dawakinsa 160 ne kawai, amma ƙarfin murɗarsa laba-ƙafa 400, kuma yana ba da shi a ƙasa da juyi 2,000. Daga nan aka buɗe fage. Ford ya fito da Power Stroke a 1994 mai doki 210 da laba-ƙafa 425. General Motors, tare da Isuzu na Japan, ya kawo Duramax a 2001 mai doki 300 da laba-ƙafa 520. Kwamfuta ta karɓi aikin feshin mai, matsin man ya ƙaru ainun, lambobin suka yi ta hawa shekara bayan shekara. A 2019 Ram ya kai laba-ƙafa 1,000, a 2023 kuwa Ford ya kai 1,200 da doki 500, ya ce babbar motarsa tana jan tirela mai laba 40,000, watau fiye da tan 18.

Injin fetur ma bai tsaya ba. A 2011 Ford ya sa wa F-150 injin mai silinda shida da lita 3.5 da turbo biyu, mai doki 365 da laba-ƙafa 420, watau ya zarce dizal na 1989 da ake yi wa kirari. A 2022 aka fitar da F-150 mai lantarki, wadda babbarta ke da doki 580 da laba-ƙafa 775, tana kuma ba da ƙarfin murɗarta tun daga tsaye. Amma da zarar an ɗaura mata tirela mai nauyi, nisan da cajinta zai kai yakan ragu da kusan rabi.

Wannan ƙarfi yana da farashi. Daga 2006 Amurka ta koma dizal mai ƙarancin farar wuta, kashi 15 cikin miliyan, daga 2007 aka sa matatar toka a salansa, bayan 2010 kuma aka ƙara tankin ruwan yuriya mai kashe dafin hayaƙi. Irin wannan injin ba ya jure gurɓataccen mai, gyaransa kuma sai da kwamfuta.

Lambar Talla da Awon Gaskiya

Shekara da shekaru kowane kamfani shi ke yanke wa kansa nauyin da motarsa za ta ja, babu mai bincika. A 2008 ƙungiyar injiniyoyin motoci mai suna SAE ta fitar da ƙa'idar gwaji mai lamba J2807. Cikin sharuɗɗanta akwai hawan tudun madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kimanin kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ba tare da gudun ya faɗi ƙasa da iyaka ko injin ya tafasa ba. Akwai kuma gwajin birki da na tashi daga tsaye a kan gangare. Toyota ya bi ƙa'idar a motocinsa na 2011, har ya rage lambar wasu daga cikinsu. Manyan kamfanonin Amurka uku sai a motocin 2015 suka bi. Gwajin ya tabbatar da abin da direbobin lodi suka daɗe da sani, watau lagireto da birki da giya da sifirin su ne ke fara gazawa kafin dawaki su ƙare.

Daɗin daɗawa, binciken kamfanin Strategic Vision da aka yaɗa a 2019 ya nuna cewa kashi 75 cikin ɗari na masu akori-kura a Amurka ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara. Motar ta tashi daga gona ta zama ta kai yara makaranta, mai ƙofa huɗu da gajeren bodi. Ƙarfin da aka biya kuɗinsa yana nan kwance, ana shayar da shi mai kullum.

Wata Hanya Dabam

Sauran duniya ba ta bi sawun Amurka ba, domin man fetur da haraji da hanyoyinta dabam suke. Toyota ya soma Hilux a 1968 da injin mai lita 1.5 da doki kimanin 70. A Nijeriya, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, akori-kurar 404 da ta 504 su suka yi ta jigilar hatsi da dabbobi da 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka, babu kuwa wadda injinta ya kai doki 100. Abin da aka sa rai daga gare su shi ne su tashi da asuba, su jure lodi, bakaniken bakin tasha kuma ya iya gyara su. A arewacin Chadi a 1987, sojojin Hissène Habré sun kori tankokin Libiya daga Fada da Wadi Doum da motocin Toyota marasa nauyi, har yaƙin ya sami sunan kamfanin. Rashin nauyi da juriya ne suka yi aiki a cikin rairayi. Hilux ta 2020 mai dizal lita 2.8 ta kai doki kimanin 200 da Niyutan-mita 500, watau wajen laba-ƙafa 370, wanda bai kai sulusin na babbar motar Ford ba, amma ya ishi aikin da ake sa ta.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da darasi ga duk wanda zai rubuta takardar sayen mota a ma'aikata. Lambar da ke cikin takardar talla ba ta da ma'ana sai an san da wane awo aka same ta, kamar yadda sauyin 1972 ya nuna, sai kuma an san a wane juyi injin ke ba da ita. Laba-ƙafa 300 a juyi 1,800 ta fi amfani ga motar asibitin karkara bisa ga 350 a juyi 4,500, domin ta farko za ta tashi da kaya cikin yashi ba tare da an ƙona kuloci ba. Wajibi ne kuma a duba inda motar za ta yi aiki. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan ƙafa 1,000, saboda haka a Jos, mai tudun kusan ƙafa 4,000, ya rasa fiye da kashi 10 tun bai ɗauki komai ba. Bayan wannan sai a tambayi irin man da ake samu a wurin, da kayan gyara, da bakaniken da zai taɓa ta.

Tsarin da ya dace shi ne a fara da nauyin kaya, da tudun da za a hau, da gudun da ake bukata, sa'an nan a yi lissafin dawaki, kamar yadda aka yi a farkon wannan lacca. Lambobin Amurka amsa ce ga manyan hanyoyin Amurka, da arahar manta, da gibin dokokinta, da gasar kamfanoni uku. Ma'aikatar da ta ɗauko su ta mai da su mizani za ta biya kuɗin dawakin da ba za su taɓa yin aiki ba, kuma da kuɗin mota ɗaya irin wannan ana iya sayen biyu waɗanda za su kai magani ƙauye cikin damina su komo.